Garin da Ba a Rakiya

Saskatoon, 4 ga Maris, 2019

Zuwa ga Goggo Thelma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya. Yaya ƙugun naki? A katin Kirsimeti kin ce yana matsa miki in sanyi ya shigo. Mu nan har yanzu ƙanƙara ba ta narke ba, amma kowa lafiya, in aka cire Baba.

Na san za ki yi mamakin ganin doguwar wasiƙa daga gidan da ba ya aiko miki komai sai kati sau ɗaya a shekara. Ni ce Corinne, 'yar Clive Stathers, ɗan kawunki Walter. Tun da Mama ta rasu ni ke rubuta katin, Baba ya sa hannu in ya ga dama.

Bara ciwon zuciya ya kwantar da shi, har aka yi masa aiki. Likita ya ce bana zai iya hawa jirgin sama, amma bai yi mana alkawarin baɗi ba. Shi ya sa na kama mana wuri a wata tafiyar buɗe ido ta watan Satumba, irin wadda ake zuba mutane a bas ɗaya: London, Bath, York, Edinburgh. A York za a sake mu kwana biyu, kowa ya yi abin da yake so. Da na duba taswira sai na ga Hull ba ta wuce tafiyar awa guda a jirgin ƙasa ba.

Baba bai sake taka Ingila ba tun da ya bar ta yana ɗan shekara takwas. Da na ambaci Hull sai ya ajiye cokali ya ce, "Ba ni da kowa a can da zan je gaisarwa. In akwai abin kallo, in je kamar kowane baƙo. In babu, a bar ni in kalli tsofaffin jiragen ƙasa a York." Ki yi haƙuri, yadda ya faɗa na rubuta.

Na bincika abin da matafiya ke cewa, sai na ƙara rikicewa. Wasu sun ce gari ne da aka daɗe ana zalunta da baki. Wani kuwa ya ce abin da ya fi burge shi a Hull shi ne titin fita daga cikinta. Mama ta taɓa gaya mini kin yi shekaru kina gyara labarai a jaridar yamma ta garinku, don haka na san ba za ki sa wa magana gishiri ba.

Tambayata ke nan, Goggo: Hull ta cancanci baƙo ya ba ta kwana ɗaya cikin biyun da yake da su? Ina so ya ga inda aka haife shi kafin lokaci ya ƙure. Amma ba zai je don wannan ba. Sai na kawo masa hujjar da ɗan yawon buɗe ido zai karɓa.

'Yarki,
Corinne

*

Hull, 19 ga Maris

Corinne, 'yata,

Na sami wasiƙarki, na kuma ji daɗinta. Allah ya ƙara wa babanki sauƙi. Ƙugu yana nan yana tuna mini shekaruna, an sa sunana a layin asibiti. Kin kyauta da kika rubuto maimakon ki kira, don kunnena ba ya kama magana a waya. Ki ce wa Kunnuwa ina gaishe shi. Ya san wanda ake nufi.

A wurin aiki an koya mana cewa in za ka yabi abu, ka fara da aibinsa, sai a yarda da kai. To ga aibin.

Hull ƙarshen layin dogo ce. Ba a ratsa ta a je wani wuri, bayanmu sai gonaki, sai teku. Kogin Humber ruwan ƙasa ne, ko da rana ta fito. Iskarmu daga gabas take, ba ta san kunya ba. A lokacin yaƙi an yi mana ruwan bama-bamai har kusan kowane gida ya taɓu, kuma abin da aka gina a gurbin wasunsu ya fi bam ɗin muni. Layin da aka haifi Clive, a bayan titin Hessle, an rushe shi tun ina budurwa. Yanzu ɗakin ajiyar tayoyi ne. Tashar da jiragen kamun kifi ke tashi an cike yawancinta da ƙasa, an yi kantuna da wurin ajiye motoci. Ba mu da ganuwa irin ta York, ba mu da tsauni da fada a kai irin na Edinburgh.

Abin da muke da shi kuma ga shi. Tsohon gari bai ƙone ba: lunguna ne masu daɓen dutse, da gidajen 'yan kasuwar da suka yi arziki da katakon ƙasashen arewa. Akwai wani lungu da ake kira Ƙasar Ɗanyar Citta, kuma duk wanda ya ce miki ya san dalilin sunan, ƙarya yake. Gidajen tarihinmu ba a biyan kuɗin shiga. A ɗaya daga cikinsu za ki ga ƙasusuwan manyan kifayen da kakanninmu suka farauto a tekun ƙanƙara. A wani kuma aka haifi mutumin da ya shafe rayuwarsa a majalisa yana yaƙi da cinikin bayi. Babban cocinmu na bulo ne, ya haura shekara ɗari shida, haskensa a ciki ya fi na waɗanda aka fi yi wa hoto. Rumfunan tarhonmu ruwan madara ne, ba ja ba kamar na sauran ƙasar, saboda tun farko mun ƙi shiga kamfanin kowa, muka yi namu. Wannan kaɗai ya ishe ki sanin halinmu.

Akwai gadar Humber, wadda na kalla ana ginawa, har yau in na gan ta da asuba sai na tsaya. Akwai pati: dakakken dankali da ganyen ƙamshi, a tsoma a ƙullu a soya. Abincin waɗanda ke kama kifi ne amma ba su da kuɗin cin sa. Likitan babanki ba zai yarda da shi ba.

Hukuncina: in kallo ne kaɗai ya kawo ku, kuma kwana biyu gare ku, York ta fi. Kowane ɗan Hull haka zai gaya miki. Kada ki wahalar da mai ciwon zuciya saboda mu. Muna nan inda muke.

Goggonki,
Thelma Blenkin

*

Saskatoon, 3 ga Afrilu

Goggo Thelma,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan layin asibitin yana matsowa. Baba yana samun ƙarfi, jiya har ya share dusar ƙanƙara a ƙofar gida kafin in kama shi.

Na karanta masa wasiƙarki a teburin cin abinci. Da na kai kan Kunnuwa sai ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya shafa kunnensa ya ce ashe Sarauniyar Tsegumi tana raye. Da na kai kan pati sai ya lumshe ido. Ya tuna ana ba shi a cikin takardar jarida, man yana ratsowa. Na ce a raina an gama, za mu je.

Sai na karanta sakin layi na ƙarshe. Ya ce, "Kin ji ko? Ƙofar nan ce dai. Ba su canza ba."

Na matsa masa, sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Bayan jirgin kamun kifin da babansa Walter ke ciki ya nutse, mahaifiyarsa, Kaka Enid, ta yanke shawarar ƙaura zuwa nan Kanada, ta kuma zaɓi garin da ya fi kowane nisa da teku. Ran da za su tashi, tasi ta tsaya a ƙofar gidan Kaka Ivy, uwar Walter, inda Baba ya girma. Ya shiga ya yi mata sallama. Ya same ta a kicin ta juya wa ƙofa baya. Ya kira ta, ba ta waiwayo ba. Ta ce masa kawai, "Je ka, mota na jira." Ba ta rungume shi ba, ba ta fito ba. A duk layin, in ji shi, ba wanda ya leƙo, ba wanda ya ɗaga hannu, ba wanda ya raka su tasha. Ya durƙusa a kujerar baya yana kallon tagogi har suka sha kwana. Kullum, ya ce, matan layin a bakin ƙofa suke, amma ran nan kamar an share su.

Kaka Enid ba ta taɓa yarda a yi zancen ba har ta rasu. Abin da Baba ya ɗauka shi ne, da babansa ya mutu, shi ma ya tashi daga zama nasu.

Goggo, ba faɗa na zo yi ba. Amma ni ma da na sake karantawa ni kaɗai, na ga kin jera mana gari guda, ba ki ce mu zo ba ko sau ɗaya. In zuwanmu zai tayar da abin da kuka binne, ki faɗa mini a fili, in daina. Dole in sanar da masu tafiyar abin da muka zaɓa kafin ƙarshen Mayu.

Corinne

*

Saskatoon, 21 ga Mayu

Goggo Thelma,

Da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya.

Ban ji daga gare ki ba, na kuma fahimta. Na gaya wa masu tafiyar za mu yi kwana biyun a York. Baba ya ce dama ya faɗa mini. Yanzu karatun tarihin jiragen ƙasa yake yi, da ƙwazon da bai yi kama da na mai jin daɗi ba.

Ki yafe mini in na taɓa inda bai kamata ba. Katin Kirsimeti zai zo kamar kullum.

Corinne

*

Hull, 2 ga Yuni

'Yata Corinne,

Ina gaishe ku. Ki duba rubutuna ki ga ya karkace: a kishingiɗe nake yi. Layin asibiti ya iso kaina a farkon Afrilu, aka sa mini sabon ƙugu, ciwon ya ƙi warkewa da wuri, aka tura ni gidan jinya. Shekaranjiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a bayan ƙofa, cikin takardun talla. Shirun da kika ji na asibiti ne.

Ina cikin kicin ɗin nan ran da kuka ce. Shekarata goma sha ɗaya. Zan faɗi abin da na gani, in kuma ware shi daga abin da nake zato.

A titin Hessle ba a raka wanda zai hau teku. Ba a ɗaga masa hannu, ba a leƙa shi ta taga, ba a ce masa sai wata rana. Matan sun yi imani cewa hannun da ya ɗaga wa mutum, igiyar ruwa yake kira masa. Ba a kuma yin wanki ran da ya tashi, kada a wanke shi daga duniya. Namiji ya ɗauki jakarsa, ya fita, ba ya waiwaye, matarsa tana ciki tana goge abin da ba ya buƙatar gugewa. Camfi ne, na sani. Amma unguwa ce da kusan kowane gida teku ya ci masa namiji, ba kuma gawar da za a binne. Wanda ba shi da iko a kan komai, yakan riƙe ɗan abin da ya samu.

Babanki bai san wannan ba, don masunta da asuba suke fita, yana barci. Shi ne karo na farko da ya ga an yi, kuma a kansa aka yi. Shi da mahaifiyarsa jirgin ruwa za su hau daga Liverpool, su ratsa tekun da ya ci Kawu Walter.

Ranar Litinin ce, ranar wanki a duk unguwar. A layinmu ba wadda ta jiƙa ko hankici. Ba wanda ya umarce su. Da tasi ta tsaya, kowace ta ja 'ya'yanta ciki ta rufe ƙofa. Tagogin da Clive ya ga babu kowa, bayan kowane labule akwai mace a tsaye ta ba titi baya.

Kaka Ivy ta riƙe bakin tebur da hannu biyu. Ni ina ganin fuskarta, shi bayanta yake gani. Da ya fita na ruga taga zan ɗaga masa hannu, ta cafko ni ta mare ni, marin da ba ta taɓa yi mini irinsa ba. Ta ce, "Kina so ki nutsar mini da shi?" Da ƙarar motar ta ɓace sai ta zauna a ƙasa, a kan daɓe, da atamfar aikinta a jiki.

Al'ada ta ce ranar tashi kaɗai ake barin wanki. Ita ba ta taɓa ruwan sabulu ba har jirginsu ya isa Halifax, a gaɓar Kanada. Ba ta iya karatu sosai ba, don haka kullum da yamma ni ke duba mata shafin zirga-zirgar jirage a jarida. Ran da na karanta mata sunan jirgin, ta tashi ta hura wuta ta ɗora tukunya.

Yanzu abin da ya fi wuyar faɗa. Anti Enid 'yar Leeds ce, ma'aikaciyar jinya, mai ilimi, tana yi wa camfinmu dariya, kuma da gaskiyarta. A tafiyar Kawu Walter ta ƙarshe ta bi shi har bakin tasha ta ɗaga masa hannu, don ta nuna ba komai. Ƙanƙara ta taru a kan jirgin a arewacin Iceland, ya kife. Matan unguwa suka yi ta magana. Ban taɓa jin Kaka Ivy ta zarge ta da bakinta ba. Ban kuma taɓa jin ta tsawata wa masu zargin ba. Anti Enid ta san ma'anar rufaffun ƙofofin nan sarai. Me ya sa ba ta gaya wa ɗanta ba, ban sani ba. Zatona, matar da aka ce ta kashe mijinta da tafin hannu ba za ta so ta koya wa ɗanta dokar da aka yanke mata hukunci da ita ba. Ba na ganin laifinta.

Game da wasiƙata ta farko: kin tambaye ni a matsayin baƙuwa, na amsa miki a matsayin 'yar jarida. Mu nan kuma ba mu iya tallan kanmu ba. In ɗan Hull ya ce miki garinsa ba komai, jira yake ki musa. In kika yarda da shi, ya ƙullace ki har abada.

To bari in faɗa yadda ba ma faɗa. Na ga Paris, na ga Lisbon, na karanta labarin garuruwan da ban gani ba. Ban san garin da aka daka kamar wannan ya tashi bai roƙi tausayin kowa ba. Ya cancanci kwana ɗaya. Ku zo. Ina so in ga Clive.

Thelma

*

Saskatoon, 24 ga Yuni

Goggo,

Sannu da jiki. Kunya ta kama ni da na tuna wasiƙar da na aiko miki kina kwance. Allah ya sa ƙarfen ƙugun ya zauna daram. Baba lafiya, awon jininsa na wannan wata ya yi kyau.

Wannan karon ban karanta masa ba, miƙa masa na yi. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya fita gareji. Na ji yana ta matsar da kayan da ba su tare wa kowa hanya ba. Da ya dawo ya ce, "Camfin banza. Camfin banza ya ci mini shekara sittin da wani abu." Bai ci abincin rana ba.

Ya yi kwanaki yana fushi, sai dai ya rasa da wa. Ya fara da Kaka Ivy, ya koma kan mahaifiyarsa, ya dawo kan matan layin, ya ce ko ɗaya ba ta da hankalin da za ta ja yaro gefe ta yi masa bayani. Na ce wataƙila bayanin ma sallama ce a wurinsu. Ya ce in daina kare mutanen da ban sani ba.

Ran Lahadi muna cikin mota sai ya tambaye ni, wai da gaske an mari Thelma? Na ce haka kika rubuta. Ya ce, "Madalla. Ko banza an rama mini satar alewata."

Ga abin da ya yarda da shi, kuma ya ce in rubuta daidai. Zai zo kwana ɗaya, ya iso da safe ya koma York da yamma. Zuwan kallo ne. Yana son gidan tarihin teku, da cocin, da pati guda ɗaya wanda likita ba zai ji labarinsa ba. Ba ya son taron dangi, ba ya son kuka, ba ya son a kai shi ɗakin ajiyar tayoyi a ce masa nan ne gadonsa yake. Bakin tsohuwar tasha kuma, ya ce sai yadda ya ji a ranar.

Na karɓi sharuɗɗan kafin ya ƙara wasu. Za mu zo ran Talata, 10 ga Satumba.

Corinne

*

Hull, 15 ga Yuli

Corinne,

Ina gaisuwa. Na ajiye sanda ɗaya, saura ɗaya.

Na karɓi sharuɗɗan mai girma baƙo. Ku zauna ta hannun dama a jirgin, kogin ta nan yake. Zan tsaya a bakin dandamali da jar riga. Dangi ba za su taru ba, sai waɗanda na kasa hanawa. Alewar kuma ba sata ba ce, tseren gudu muka yi a kanta, na cinye shi.

Thelma

*

Edinburgh, 14 ga Satumba

Goggo Thelma,

Ina gaishe ki, ina gaida baƙonki. Yaya ƙugu bayan yawon da muka sa ki? Ni lafiya, sai ciwon ƙafa, garin nan duk hawa ne. Jiya a waya ba ki ji rabin abin da na ce ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Akwai kuma abubuwan da ba ki gani ba.

A jirgin York Baba yana ta duba agogo kamar mai zuwa kotu. Da layin ya sauko bakin kogi, gadar ta taso a gabanmu, sai ya dafa gilashi. Ba gadar yake kallo ba, lakar bakin ruwa yake kallo. Ya ce warinta ya tuna, alhali taga a rufe take.

A bakin tsohuwar tasha, lokacin da kika zauna a tasi saboda ƙafarki, mun wuce mutum-mutumin masuntan nan na ƙarfe muka tsaya a inda jirage ke fita. Wani dattijo yana kamun kifi da ƙugiya. Baba ya tambaye shi ta ina suke bi in sun fita. Mutumin ya nuna da haɓa: hagu, har bakin teku, sannan arewa. Ya dubi Baba ya ce daga ina? Baba ya ce Kanada. Ya ce, "Duk kuɗin jirgin nan don ka kalli laka? Wa ya cuce ka?" Baba ya faɗi sunan layinsu. Mutumin ya ajiye sandar kamun ya ba shi kujerarsa.

Ya daɗe a zaune. Abin da ya ce mini kawai shi ne, yanzu ya girmi babansa da shekara arba'in, ya rasa yadda zai yi tunaninsa, ko uba ko ɗa.

Sauran kin sani: mutum tara da kika kasa hanawa, da gardamar ƙwallon zari-ruga, da yadda ya buga tebur ya ce shi ɗan masu riga baƙi da fari ne tun haihuwa, ni ban ma san yana da ƙungiya ba. Abin da ba ki ji ba shi ne yadda ya gaya mini zai zauna a wurinki. Kina haɗa shayi ya ja ni zaure ya ce, "Ki je ki kallo mini Edinburgh. Fada fada ce." Na ce kayansa suna York, magungunansa na kwana ɗaya ne. Ya ce ai shi ya sa aka ba mu kwana biyu.

Washegari da na kawo akwatinsa na tarar kun tafi maƙabarta wurin Kaka Ivy, sai na yi yawon garin ni kaɗai, baƙuwa ta gaske. Ga hukuncina, tunda ni na fara tambaya. Kin yi gaskiya game da iska, da gine-ginen bayan yaƙi. Amma a cocin wata mata ta bar furannin da take jerawa ta zagaya da ni, tana ba ni haƙuri wai ba kamar na York ba ne. Na yi awa biyu a ciki. A na York minti arba'in aka ba mu, muna bin laimar ɗan jagora. Mutanen bas ɗinmu sun tambaye ni ko su ma da sun je. Na ce wanda ke son hoto ya tsaya inda yake, wanda ke son a yi masa magana ya hau jirgi.

Yanzu aiki. Maganin Baba: farar ƙwaya da safe, rabin shuɗiya da dare, ko ya ce ya sha ki duba. Pati ya ci uku a gabana, ya isa. Jirginmu na komawa ran Alhamis ne daga Manchester, zan biyo in ɗauke shi ran Laraba. Ki fara gaya masa tun yanzu, don ya saba da zancen.

Abu ɗaya na ji sarai a wayar jiya, shi ne ya hana ni sakewa. Na ce ki ba ni shi, kika ce ya fita. Goggo, mutumin nan a Saskatoon ko kantin kan kwana ba ya zuwa sai na kai shi. Na ce ya fita da wa, kika ce shi kaɗai. Na ce ina, kika ce bai faɗa ba, ya dai sa hularsa ya ce ya san hanya.

'Yarki,
Corinne